Baba Yana Ji

Karatun yau: 1 Timoti 5:1-2, Littafin Firistoci 19:32

Wata rana bayan sujada muka je duba wani dattijo na ikilisiya da ya daɗe a kwance. Ina shiga ɗakin na juya wajen ɗansa, na ce, "Yaya jikin nasa? Yana cin abinci kuwa?" Sai tsohon ya ɗaga kai daga tabarma ya ce, "Ɗana, ina nan ai. Tambaye ni." Kunya ta rufe ni. Na zo yi masa addu'a da sunan Yesu, amma na mai da shi kamar kaya a ɗaki. Dole na durƙusa na sake gaisuwa daga farko: "Baba, ina wuni? Yaya ƙarfin jiki?"

'Yan'uwa, yawancinmu ba ma zagin iyayenmu. Reninmu yana ɓoye cikin ƙananan abubuwa. Mama ta kira, mu ce "Me?" maimakon "Na'am." Baba yana ba da labarin da muka sha ji, idonmu yana kan waya. Kunnensa ya yi nauyi, sai mu daka masa tsawa daga bakin ƙofa, alhali da mun matso kusa, mun dube shi, mun yi magana a hankali, da ya ji. Ta manta inda ta ajiye maganinta, mu ce, "Sau nawa zan faɗa miki?" Ita sau nawa ta faɗa maka sunan cokali kafin bakinka ya iya?

Ku lura da wanda Bulus yake rubuta wa. Timoti saurayi ne, an bar shi a Afisa domin ya hana masu koyarwar ƙarya. Yana da iko, yana da baiwa. Duk da haka manzo ya hana shi tsauta wa dattijo da kakkausar murya. Ya ce ya roƙe shi yadda ɗa yake roƙon mahaifinsa, tsofaffin mata kuma ya ɗauke su iyaye. Bulus bai ce dattijo ba ya kuskure ba. Yana yi, kuma a gyara masa, amma a gefe, da murya ƙasa.

A nan ne mu da muke ɗaukaka aikin Ruhu Mai Tsarki muke yawan tuntuɓe. Yaro ya yi azumin kwana uku, ya yi magana da harsuna, sai ya miƙe a taron ikilisiya ya ce wa mai shekara saba'in, "Ku kun tsufa, ba ku gane motsin Ruhu ba." Wannan dattijon kuwa shi ya ɗauki tubali a ka aka gina majami'ar da yaron yake tsaye a ciki. Ni ban yarda Ruhu ne ya ba shi wannan kalma ba, gama tawali'u da kamunkai suna cikin 'ya'yan Ruhu. A Littafin Firistoci ma, Ubangiji ya haɗa tashi tsaye a gaban mai furfura da tsoron Allah cikin aya guda.

Yau kafin ka kwanta, je wurin tsohon da ke gidanku ko maƙwabta. Sa wayar a aljihu, zauna ƙasa da shi, ka gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, ka jira har ya gama amsawa. In akwai wata kalma da ka taɓa jefa masa, ka ce, "Baba, na yi kuskure, a gafarce ni."

Addu'a: Ya Uba, ka tuna mini da dattijon da harshena ya ɓata wa rai, ka ba ni ƙarfin zuwa wurinsa yau. Cikin sunan Yesu, amin.