Sabo da Sabo: Shin Wajibi ne a Sauya Abin da bai Lalace ba?

A rubutun boko akwai kalmomi biyu masu kama ɗaya, waɗanda karin murya kaɗai ke rabawa: sabo, wato abin da bai tsufa ba, da sabo, wato shaƙuwar da mutum ke yi da abin da ya daɗe tare da shi. Hausawa sun yi wa kowane ɓangare hukunci. Sun ce da tsohuwar zuma ake magani, sun kuma ce sabo turken wawa. Wanda ya riƙe karin magana ɗaya ya saki ɗaya zai zaci an gama shari'a, alhali kuwa ba a ma fara ta ba. Wata matsala da ta taso a ɗakunan zaman mutanen Amurka da Turai a shekarar 2015 ta isa ta nuna yadda kalmomin nan biyu ke ja-in-ja a zuciyar mutum guda.

A shekarar 2002 kamfanin Microsoft ya fitar da wani nau'in Windows XP mai ɗauke da manhajar da ya kira Media Center. Manufarta ita ce kwamfuta ta bar teburin aiki ta koma ƙarƙashin akwatin talabijin, ta zama majigin gida: tana kama tashoshi, tana naɗar shirin da maigida bai samu sukunin kallo ba, tana ajiye finafinai da hotunan iyali, ana sarrafa ta da rimot daga kan kujera. Manhajar ta bi Windows Vista, ta shiga Windows 7 na 2009, inda masu amfani da ita suka fi jin daɗinta. A Windows 8 na 2012 aka ware ta, ta zama abin da ake nema daban. Da Windows 10 ya fito ranar 29 ga Yuli 2015 sai aka cire ta gaba ɗaya. Kamfanin ya yi tayin sabon tsarin kyauta na tsawon shekara guda, amma duk wanda ya karɓa ya rasa Media Center, aka bar masa ƴar manhajar kunna faifan DVD a madadinta. Saboda haka tambayar ta tsaya a gaban magidanta da yawa: a karɓi sabon, ko a zauna da wanda aka saba?

Hujjar masu zama tana da ƙarfi. Kayan aiki da aikinsa ake auna shi, ba da shekarunsa ba. Hauyar da ke noma ba a jefar da ita don maƙeri ya ƙera wata. Kwamfutar da aka ware don kallo aiki ɗaya aka ɗora mata, kuma tana yin sa. Yara sun san maɓallanta, tsohuwar gida ma ta koyi inda ake dannawa. Wannan sani da iyali suka tara shi ma dukiya ne, kuma sauyi yana rushe shi a dare ɗaya. Mutumin da ya ce abin da ke hannunsa ya ishe shi yana kusa da halin da ake kira wadar zuci, wanda babu al'adar da ta raina shi.

Akwai kuma batun mutunci. A shekarar 2016 saƙon da ke kiran mutane zuwa Windows 10 ya kai matsayin da ko mutum ya danna alamar rufewa, na'urar takan ɗauki hakan a matsayin amincewa, ta ci gaba da shirin sauyawa. Daga baya kamfanin ya amsa cewa ya wuce gona da iri. Yardar da aka karɓa ta hanyar dabara ba yarda ba ce, kuma wanda ya ƙi sauyawa a wancan lokaci yana kare wani abu da ya fi finafinai daraja, wato ikonsa a kan abin da ya saya da kuɗinsa.

To amma kwamfuta ba hauya ba ce. Hauya tana rataye a zaure, ba ta magana da kowa. Kwamfutar da aka haɗa da intanet kuwa tana da ƙofofi zuwa ga miliyoyin wasu na'urori. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita tana da ramukan da ba a gano ba sai bayan shekaru, kuma duk ramin da aka gano kamfani ne ke aiko da faci a toshe shi. Ranar da kamfani ya daina aiko da facin, na'urar tana ci gaba da aiki kamar jiya, sai dai ramukanta sun zauna a buɗe. An daina yi wa Windows XP faci ranar 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 kuma ranar 14 ga Janairu 2020.

Abin da ya faru ranar 12 ga Mayu 2017 ya nuna nauyin wannan magana. Wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu cikin ƙasashe kimanin 150, ta kulle bayanan kwamfutoci sama da dubu 200 tana neman kuɗin fansa. A Ingila asibitoci sun soke ganin likita da ayyukan tiyata na dubban marasa lafiya. A Faransa kamfanin motoci na Renault ya dakatar da aiki a wasu masana'antunsa. Facin da ke toshe wannan rami ya fito tun watan Maris na shekarar, amma masu na'urori da yawa ba su saka shi ba. Cutar kuma ba ta jiran mai kwamfuta ya danna komai. Daga na'ura take tsallakawa zuwa na'ura. Kwamfutar kallo ita ce wadda aka fi mantawa da ita a gida: tana kunne dare da rana, babu mai duba lafiyarta muddin hoto na fitowa, kuma layi ɗaya take sha da wayoyi da kwamfutocin da ake aiki da su. Wanda ya bar ta haka kamar mai katangar da ta tsage ce da damina, yana cewa ai gidansa ne, alhali in ta faɗi a kan ɗakin maƙwabci za ta faɗa. A nan wadar zuci ta ƙare, sakaci ya fara.

Sai dai ba a kan maigida kaɗai alhakin ya rataya ba. Da Windows 11 ya fito a watan Oktoba 2021, ya zo da sharuɗɗa: sai na'urar da ke da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar da ba ta tsufa sosai ba. Ranar 14 ga Oktoba 2025 wa'adin Windows 10 ya cika, ban da ƙarin lokaci da aka ba waɗanda suka yi rajista. Ma'ana, kwamfutoci masu ɗimbin yawa da ba su da wani ciwo an yanke musu hukuncin tsufa daga nesa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta sharar kayan lantarki ta shekarar 2022 a kan tan miliyan 62, wadda ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. Wani ɓangare na tsofaffin na'urorin ƙasashen Turai yana sauka a tashoshin ruwa na Legas, Kwatano, Lome da Tema da sunan kayan gwanjo, mai rai da matacce a haɗe. Tun 1991 ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Bamako don hana shigo da shara mai guba, amma raba gwanjo da shara a cikin kwantena ɗaya ba abu ne mai sauƙi ba. Ta wannan hanya maganar ta iso Maraɗi da Damagaram: kwamfutar da malami ke haska wa ɗalibai darasi da ita, ko wadda ƙungiyar al'adu ke nuna fim da ita a dandali, tana iya kasancewa wadda wani ya sauke daga ƙarƙashin talabijin ɗinsa. Wanda ya jefar da na'ura mai lafiya don kawai a ce ya bi zamani shi ma ya ɗora wa wani nauyi, ko da bai san fuskarsa ba.

Idan aka haɗa waɗannan hujjoji, za a ga cewa shekarun manhaja ba su ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne wanda hukuncin zai shafa. Hanyoyi uku ne ke buɗe ga mai hankali. Yana iya barin tsohon tsarin, amma ya yanke na'urar daga intanet, ya kuma kula da katin memori da ake kawo finafinai a ciki, domin cuta takan shigo ta nan ma. Yana iya riƙe na'urar ya sauya mata ruhi: ya saka Linux, wanda kyauta ne kuma ana ci gaba da yi masa faci, tare da Kodi, da ake kira XBMC kafin 2014, ko VLC da ɗaliban wata makarantar injiniyoyi ta Faransa suka soma. Yana kuma iya karɓar sabon Windows idan na'urar za ta ɗauka, bayan ya kwafe hotuna da takardunsa a wani wuri, ya kuma tabbatar cewa abin da iyali ke buƙata zai ci gaba da aiki. Kowace hanya tana da wahalarta: ta farko tana rage amfani, ta biyu tana neman koyo, ta uku tana iya cin kuɗi.

Abin da hankali bai yarda da shi ba guda biyu ne: barin ƙofa a buɗe da sunan wadar zuci, da zubar da abu mai amfani da sunan ci gaba. Mai wadar zuci ya duba abin da ke hannunsa, ya san iyakarsa, sannan ya ce ya ishe shi. Mai sakaci kalmar ɗaya yake faɗa, amma bai duba ba. Malamin da ke koya wa yara kwamfuta zai yi musu alheri babba idan, tare da sunayen maɓallai, ya koya musu su riƙa tambaya kafin su sauya ko su ƙi sauyawa: wa zai ɗauki nauyin wannan zaɓi?