Ja da baya ga rago

Hausawa na cewa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Karin maganar ta wanke mai janyewa daga zargin ragwantaka, sai dai ba ta faɗi inda ya kamata janyewar ta tsaya ba. A fagen dambe ana samun amsar wannan tambaya nan take, domin a can kuskuren ɗani ɗaya na iya kai mutum ƙasa.

Cikin dabarun kauce wa naushi akwai wadda masu horo suka fi jan kunne a kanta: ɗan dambe ya bar ƙafafunsa inda suke, ya karkata gangar jikinsa baya, har naushin ya ƙare a iska dab da haɓarsa. Amfaninta a fili yake. Idonsa na kan abokin karawa, hannuwansa ba su shagala da tarewa ba, wanda ya kawo dukan kuwa ya miƙe ya bar kansa a buɗe, ga gajiyar dukan iska. Amma haɗarinta na nan cikin amfaninta. Nauyin jiki ya koma kan ƙafar baya, haɓa ta ɗaga, ciki ba kariya, ƙugu kuma yana da iyakar lanƙwasuwa. Wanda ya goce wa naushin farko da dukan abin da yake da shi ba ya da wurin zuwa idan na biyu ya biyo.

Babu wanda ya shahara da wannan dabara kamar Muhammad Ali. Yakan sauke hannuwa, ya janye kai daidai gwargwado, ƴan kallo na mamaki. Duk da haka, a 1963 a Landan, naushin hagu na Henry Cooper ya kai shi ƙasa a turmi na huɗu. A 1971 a New York, bayan an hana shi dambe fiye da shekara uku saboda ƙin shiga soja, Joe Frazier ya kayar da shi da irin wannan naushi a turmi na 15, ya kuma ci wasan. A 1974 a Kinshasa sai ya sake salo: ya jingina da igiya, hannuwa na kare fuska, ya bar George Foreman ya ƙarar da ƙarfinsa, sa'an nan ya gama da shi a turmi na takwas. A ranar ya ja da baya da abin dogaro a bayansa da kuma niyyar dawowa.

Anderson Silva na Brazil, gwanin faɗan da ake haɗa dambe da kokowa, ya nuna ɗaya fuskar. Ya riƙe kambu tun 2006. A 2013 ya tsaya gaban Chris Weidman hannuwa a ƙasa, yana gocewa yana yi masa ba'a, har naushi ɗaya ya same shi a ƙarshen karkatarsa ya suma. Bai rasa gwaninta ba a daren. Raini ne ya lalata masa awo.

A nan maganar ta wuce fagen wasa. Kaucewa na da fuska uku masu kama da juna a idon mai kallo. Akwai ta mai haƙuri, kamar dattijon da ke barin zafin magana ya wuce shi a zaman sulhu, ba tare da ya bar matsayinsa ba, har ya sami lokacin faɗin gaskiya. Akwai ta mai gudun nauyi, kamar magidancin da kullum ke zille wa mai binsa bashi, ko shugaban da ke goce wa tambayar talakawa; kowace gocewa na rage masa fili, kuma rana dubu ta ɓarawo ce, rana ɗaya ta mai kaya. Akwai kuma ta mai girman kai, wanda ke kaucewa don ya nuna cewa abokin hamayya bai kai a tare shi ba.

Abin da ke raba su shi ne ƙafa da niyya. Mai haƙuri ya san abin da yake tsaye a kansa, ya san kuma cewa bashin amsa na wuyansa. Sauran biyun sun mai da kaucewa gida, alhali hanya ce. A damben gargajiya, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, komai yawan naushin da ya kauce wa kafin nan. Ba a lissafa gocewa cikin nasara.

Shi ragon karin magana, idan aka lura, da ƙafafu yake ja da baya, kansa a sunkuye, idonsa kan abokin karo. Ba ya yin nisan da zai hana shi dawowa.