Askar Gado

Ya ɗan'uwana, idan mahaifinka ya rasu ya bar maka askarsa, me ka gāda a gaskiya? Ƙarfen ya zama naka tun ranar rabon gado, amma hannun da ya iya riƙe shi ya tafi tare da mai shi. Ko ɗan wanzami yakan daɗe yana ɗaukar zabira kafin a ba shi kan mutum.

Dole ka fara daga farko. Ka wanke askar sarai, ka wasa ta, ka goge bakinta a kan jemammiyar fata. Ka jiƙa gemu da ruwan ɗumi da sabulu, ka ja kumatu da yatsu, ka kwantar da askar, ka bi inda gashi ya kwanta. Haɓa da maƙogwaro su jira sai hannu ya saba. Kada ka danna, gama mai kaifi ba ta bukatar ƙarfi. Dakusasshiya ce ke sa mutum dannawa har ya yanke kansa.

Tsoron rauni zai ce maka ka naɗe ta ka ajiye a akwati, wai girmama marigayi ke nan. Amma askar da aka manta da ita, tsatsa ce ke gadonta. Haka yake da gaskiya da haƙuri da suna mai kyau da iyayenmu suka bar mana: taƙama da su ba ta mai da su namu, sai aikatawa. Ka ƙasƙantar da kanka ka zama ɗan koyo, domin ranar da ɗanka zai karɓi askar, ya same ta da kaifi, ya kuma sami mai koya masa.