Kaka, Aikin Hannu da Kwanciyar Hankali

Idan ruwa ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, sanyin asuba ya fara leƙowa, sai rayuwar karkara ta sauya taki. Daga Oktoba zuwa Nuwamba, hannun da ya gaji da hauya yakan koma wani aikin. Maza su kama saƙar zana da tufkar igiya da ɗinkin hula, mata su ɗauko kaba da mazari, a fafe duman da ya ƙosa a fitar da ƙorai. Tambayar da matasanmu ke yi a yau ita ce: mutum ya zauna kwana da kwanaki a kan tabarma guda, alhali ga ta roba a kasuwa da araha, hikima ce ko ɓata lokaci?

Mu duba maginan tukwane na Mirya, kusa da Damagaram. Mai gini za ta jiƙa yumɓu, ta cuɗa shi, ta gina tulu, sannan ta ajiye shi a inuwa ya sha iska. In ta kai shi rana tsaka don ya yi saurin bushewa, ya tsage. In ta gasa shi da sauran danshi, ya fashe a cikin wuta. Ba ta da ikon rage wa yumɓu kwanakinsa, ko da mai saye na tsaye da kuɗi a hannu. Haka mai saƙar tabarma: sai ta tsaga kaba, ta jiƙa ta, in ba haka ba ta kakkarye mata a hannu. Sauri ya haifi nawa.

A ganina daga nan kwanciyar hankalin mai aikin hannu take fitowa. Yawancin damuwarmu ta son gaggauta abin da ba ya gaggautuwa ce: arziki, suna, amsar saƙon da muka tura a salula. Mai sana'ar hannu kullum yana hulɗa da abin da ba ya jin tsawa, ba ya karɓar toshiya. Dole ya bi shi a sannu, hankalinsa na inda hannunsa yake. Wanda ya saba da haka, ba wuya ya iya haƙuri da yaro, da maƙwabci, da shekarar da damina ta yi gardama. Rago yana gudun aiki ne, shi kuwa wannan yana cikin aikin tsundum, sai dai ya san ƙa'idarsa.

Amma fa kada mu yaudari kanmu. Tsohuwar da ke saƙa don ta sami na gishiri da magani ba hutu take yi ba. Bayanta na ciwo, idonta na raguwa, in ta kai kasuwa kuma a taya mata kuɗin da bai kai wahalar yini guda ba. Saurayin da ya ajiye sana'ar mahaifinsa ya tafi cin rani Kano ko Agadas da zarar an gama girbi, ba raina gado ya yi ba, lissafi ya yi. Rashin kunya ne mai albashi ya zauna ƙarƙashin fanka yana yabon natsuwar talaka.

Saboda haka nauyin ya dawo kanmu masu saye. Idan har mun yarda akwai daraja a cikin abin da aka yi a tsanake, to mu biya kwanakin da ya ci. Mukan biya kayan kanti yadda aka rubuta ba musu, amma mu tsaya muna ja-in-ja da mai faifai a kan dala biyar. Kowane irin wannan ciniki yana gaya wa 'yarta cewa kada ta koya.

Sannan mu ma mu koyi wani abu da hannunmu a kakar bana, ko saƙar faifai ce, ko ɗinke ƙwaryar da ta tsage kamar yadda gyartai ke yi. Wanda ya taɓa warware layi uku don ya gyara kuskure ɗaya, zai ji nauyin raina kuɗin tabarma.