Kwalliyar bakin rufi da kuɗin jama'a

'Yan'uwa, maganar kwalliyar da ake son zagaya wa bakin rufin masallacinmu ta raba kan mutane, don haka bari mu dube ta a natse.

Abin da ake magana a kai siminti ne da yashi mai laushi, a gauraya da zaren gilashi, a zuba a ma'auni mai zane. In ya bushe sai ka rantse dutse aka sassaƙa, alhali cikinsa rami ne, kaurinsa bai kai yatsa biyu ba, da ƙarfe ake maƙala shi a bango. Ya fi fi-o-fi jure ruwa nesa ba kusa ba, kuma in an kafa shi daidai yana kauda ruwan sama daga jikin bango. Wannan amfani ne na gaske, kada masu suka su manta.

Shi ado kansa ba baƙo ba ne a wurinmu. Wanda ya shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya san magabata ba su ƙi kyau ba. Sayyidina Usman ma ya sake gina masallacin Madina da sassaƙaƙƙen dutse. Sai dai Sayyidina Umar, da zai faɗaɗa shi, abin da ya dame shi shi ne a kare masallata daga ruwa, a guji launin da zai ɗauke hankali. Malamanmu na Malikiyya sun karhanta ado a bangon alƙibla saboda wannan dalilin. To namu a waje yake, ba ya gaban mai salla.

Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗin. Akasarinmu a nan Mairi zuwa muka yi: wasu fatauci ya kawo su, wasu daga Bama da Gwoza suka tsero a 2014 da rigar jikinsu. Da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, 'yan'uwanmu da yawa a cikin gari suka sake komawa farko. Tsohuwar da ta jefa naira ɗari biyu a akwati ranar Juma'a, me ta ji an ce? Rufi da wurin alwala. Ba ta ji an ce kwalliya ba. Karkatar da kuɗinta zuwa abin da ba a faɗa mata ba taɓa amana ne, ko da kuwa aikin ya yi kyau har masu wucewa ta titin Bama suna tsayawa kallo.

Wasu sun ce ai ɗakin Allah ya cancanci mafi kyau. Haka ne. Amma mai faɗin haka ya sa hannu a aljihunsa, ya ce wannan na kwalliya ne, kwamiti ya rubuta shi daban. Kuɗin akwati kuma a gama kwanon da ke yoyo ta sahun mata kafin damina ta sauka.