Zama ko Tafiya: Hisabin Mai Niyyar Ƙaura Zuwa Birni a Lokacin Tsada

Gabatarwa

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata wani tsohon ɗalibinmu ya zo ofis riƙe da takarda. Shekararsa uku da kammala digiri, yana koyarwa a wata makarantar kuɗi a garinsu, yana kuma zaune a gidan mahaifinsa da matarsa da 'yarsu ɗaya. Takardar ta ɗaukar aiki ce a wani kamfani a Abuja, da albashin da ya ninka nasa biyu har da ɗoriya. Ya ce, "Malam, shawara na zo nema. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce na yi sa'a, amma ni yau kwanana uku ban runtsa ba." Da muka tambaye shi inda zai samo kuɗin haya, sai ya sunkuyar da kai ya ce mahaifiyarsa ta yarda ta sayar da shanunta biyu, yayansa kuma zai jinginar da gonar da suka gada.

Ba mu ba shi amsa a ranar ba, domin mun lura cewa tambayar da ya kawo ta wuce lissafin albashi. A wannan muƙala za mu duba wannan tambaya, watau ko ya dace mutum ya bar garin da rayuwa ke da sauƙi ya koma birni mai tsada a lokacin da tattalin arziki ya raunana. Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla za su ci karo da ita, wasu ma kafin su gama hidimar ƙasa.

Karin magana ta bar mu a mararraba

Bahaushe idan ya rasa mafita yakan koma ga karin magana. To amma a wannan batu magabata sun rabu biyu. Su ne suka ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi, suka kuma ce tafiya mabuɗin ilmi. Su ne dai suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mai son tafiya zai sami abin kafa hujja, mai tsoron tafiya ma haka. Abin da muka fahimta shi ne magabata ba su ɗauki zama ko tafiya a matsayin alheri ko sharri a kan kansu ba. Sun bar hukunci ga yanayi da kuma irin shirin da mutum ya yi. Ke nan tilas mu duba yanayin.

Lissafin da albashi ke ɓoyewa

An kafa Abuja da dokar soja ta shekarar 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, gwamnati kuma ta tare a can ranar 12 ga Disamba, 1991. Tun daga tsarinta birni ne na ma'aikatu da manyan ma'aikata, ba a tanadar wa ƙaramin ma'aikaci isasshen matsuguni a tsakiyarta ba. Shi ya sa dubban masu aiki a cikinta suke kwana a Nyanya da Karu da Kubwa da Gwagwalada, wasu ma a wajen yankin baki ɗaya, kamar Mararraba da Masaka a jihar Nasarawa, ko Suleja a jihar Neja. Wanda ya guje wa tsadar haya sai ya faɗa tsadar mota, ya kuma biya da asubancinsa da magaribarsa a cunkoson hanya.

Wannan tsohuwar matsala ta ƙara tsanani bayan an janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a Abuja a watan Oktoba na 2024. Dalar Amurka da gwamnati ke canzawa a kan wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yuli na 2024, amma a kasuwanni da dama buhun shinkafa ɗaya ya haɗiye wannan adadi a shekarar.

Daɗin daɗawa, akwai kuɗin shiga da ɗalibin namu bai taɓa lissafawa ba domin ba a miƙa masa shi a hannu. Ba ya biyan haya. Hatsin gonarsu yana kai su wata bakwai ko takwas. Idan matarsa ta fita unguwa, kaka ce ke riƙe yarinya. Idan zazzaɓi ya kama wani, akwai mai kemis ɗin da zai ba da magani bashi domin ya san gidan. A birni kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da farashi, kuma mai gida yakan nemi kuɗin shekara guda a dunƙule, ban da la'adar dillali. Saboda haka mutum na iya karɓar ninkin albashinsa ya wayi gari ya fi da talauci.

Jarin wa ake kasada da shi?

Duk wannan lissafi ne, kuma mai alƙalami da takarda zai iya yin sa cikin dare ɗaya. Inda maganar ta zama ta ɗa'a shi ne wajen shanun uwa da gonar gado. Yawancin matasanmu idan suna magana kan ƙaura sukan ce, "Zan gwada sa'ata." Amma da wuya a sami wanda sa'arsa kaɗai yake gwadawa. Kuɗin motar na wani ne, kuɗin hayar na wata ce, kuma gurbin da ya bari a gida wani ne zai cike shi da ƙarfinsa. Idan abin ya yi kyau, sunansa ne zai fito. Idan ya ɓaci, tsohuwar da ta rabu da shanunta ba ta da sauran shekarun da za ta sake tara wasu.

A nan muke ganin ya wajaba a bambance tsakanin kasada da abin da mutum ya mallaka da kasada da abin da wasu suka dogara a kai. Matashi na da 'yancin ya sa ƙarfinsa da lokacinsa da ɗan abin da ya tara a cikin abin da bai tabbata ba, domin idan ya faɗi yana da ƙuruciyar tashi. Amma yardar uwa ba ta wanke shi. Uwa takan ce "na yarda" saboda ƙauna da kara, ba don ta auna ribar da hasarar ba. Ɗa mai hankali shi ne wanda zai ji wannan yarda ya kuma tambayi kansa: idan kamfanin ya rage ma'aikata bayan wata shida, abin da ya zama ruwan dare a lokacin matsi, da wane ido zan dubi wannan baiwar Allah? Tawakkali gaskiya ne, amma mutum yana yin sa ne da abin da yake nasa, bayan ya ɗauki sababi.

Darasin ci rani da fatauci

Hausawa ba baƙin tafiya ba ne. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja, sun kafa zango-zango a ƙasashen da ba a jin harshensu. Unguwar Sabo ta Ibadan an kafa ta tun 1916, kuma masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a cikinta ya fitar da littafi a kanta a 1969, ya bayyana yadda tsarin maigida yake aiki a cinikin shanu da goro. Baƙo yakan sauka wurin maigida, ya sami ɗaki da abinci, a haɗa shi da dillali, maigidan kuma ya tsaya masa a kan bashi. Watau farke ba ya shiga birni sai ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Shi kuwa ɗan ci rani yakan tashi bayan an kai amfanin gona gida, ya koma kafin ruwan shuka. Bai sayar da gonarsa ba, bai ɗebi iyalinsa ba, kuma tun kafin ya fita ya san lokacin komawarsa. Idan ya samu, ya dawo da tufafi da kuɗin taki. Idan bai samu ba, aƙalla ya rage wa rumbu baki ɗaya, kuma ba wanda zai ce ya gaza, domin damina ce ta kira shi.

Abin mamaki shi ne mu 'yan boko, da muke ganin mun fi waɗannan mutane sanin duniya, mun watsar da dabarunsu guda biyu, watau masauki da ranar komawa. Mukan tafi da niyyar tafiya ke nan, mu sayar da abin da ke bayanmu, mu yi sallama irin ta wanda ba zai dawo ba sai da mota. Alhali kuwa masu iya magana sun ce gida biyu maganin gobara.

Kurkukun kunya

Wanda ya yanke igiyar komawa ya jefa kansa cikin wani haɗari da ba a cika ambata ba. Duk wanda ya san bayan garin Abuja ko Legas ya san mutanen da aikin da ya kai su ya ƙare tuntuni, suna kwana a shago ko a kangon gini, amma sun kasa komawa gida. Ba kuɗin mota ne ya hana su ba. Abin da ya ɗaure su shi ne tunanin shiga gari hannu rabbana bayan an yi musu rakiya har tasha. Sukan buga waya gida su ce komai lafiya, su ci bashi su aika da kuɗin salla domin kada a gane. Da haka hasarar wata shida takan zama hasarar shekara goma, 'ya'ya su tashi ba su san ubansu ba sai a murya.

Laifin wannan ba na matafiyin ba ne shi kaɗai. Mu da muka zauna muna da kaso. Mu ne muke auna mutum da abin da ya sauke daga mota, mu ne muke yi wa wanda ya dawo ba komai kallon tausayi mai kama da dariya. Al'ummar da ta mayar da dawowa abin kunya ita ce take hana 'ya'yanta gyara kuskurensu da wuri.

Hujjar masu cewa a tafi

Adalci ya sa dole mu saurari ɗaya ɓangaren. Za a iya ce mana, "Malam, kuna da albashin jami'a shi ya sa kuke wa'azin haƙuri." Akwai gaskiya a ciki. Zama ma yana da farashi, sai dai shi ba a ganin sa domin a hankali ake biya. Matsin da ya tsananta rayuwar birni bai bar ƙauye ba, hasali ma a sassa da dama na Arewa rashin tsaro ya raba manoma da gonakinsu, har zaman ya fi tafiyar haɗari. Malamin makarantar kuɗi zai iya shekara goma a kan albashi ɗaya alhali farashi na gudu. Kuma a birni ne ake haɗuwa da mutane da sana'o'in da ke buɗe wasu ƙofofin. Wanda ya ce zai jira sai ƙasa ta gyaru, ya tuna cewa iyayenmu ma sun yi irin wannan jira tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Akwai kuma tsoron da kan sa rigar ƙana'a, mutum ya ce ya gode Allah alhali ragwanci ne ya zaunar da shi.

Mun yarda da duk wannan. Shi ya sa ba mu ce kada a tafi ba. Abin da muke cewa shi ne a tafi irin tafiyar da za a iya dawowa daga gare ta.

Kammalawa

Da ɗalibin namu ya dawo bayan mako guda, abin da muka gaya masa ke nan. Ya karɓi aikin, amma kada a taɓa gona, kada a sayar da shanu. Ya nemi wani ɗan garinsu a Mararraba ko Suleja ya raɓa da shi, ko da a tabarma ne, ya ba da gudummawar haya daga albashinsa na farko. Ya bar iyalinsa a gida tukuna, da yardar matarsa, domin ita ce za ta ɗauki nauyin rabuwar, kuma ba daidai ba ne a yanke hukunci a kanta ba ta nan. Ya rabu da makarantarsu cikin mutunci. Sa'an nan ya zauna da mahaifiyarsa da yayansa ya faɗa musu a fili cewa gwaji zai yi na wata tara, idan abin da ke saura a hannunsa bayan haya da mota da abinci bai fi na gida ba, zai dawo. Maganar da aka faɗa gaban shaidu tun kafin tafiya ita ce za ta cire masa kunyar dawowa.

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, ai wannan ci rani ne." Muka ce masa haka ne, kuma babu digirin da ya fi ƙarfin ci rani. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. A ganinmu, cikin abubuwan da ya kamata a shirya kafin ranar har da hanyar komawa gida. Allah ya sa mu dace.