Ɓargon Yaya a Jikin Ƙane

Karatu: Farawa 42:35-38, Farawa 44:18-34

Yau ina so ka zauna a kan wata kujera da babu mai sha'awar zama a kanta, wato kujerar da ke gaban teburin likita. Ka ɗauka kai ne uban, ko ke ce uwar. Autanku ɗan shekara 5 ne, kuma da cutar sikila aka haife shi. Kun saba da hanyar asibiti cikin tsakar dare. Kun ji kukansa sa'ad da ciwo ya kama ƙasusuwansa, an yi masa ƙarin jini har kun daina ƙirgawa. Kun yi azumi, kun kwana a majami'a kuna addu'a, fasto ya ɗora masa hannu ya shafa masa mai. Yanzu likita ya ce akwai haɗarin shanyewar ɓarin jiki, amma akwai wata ƙofa, ita ce dashen ɓargo. An gwada jinin 'ya'yanku duka, sai na 'yarku mai shekara 9 kaɗai ya dace da nasa.

Yarinyar lafiyarta lau. Ba ta taɓa kwana a asibiti ba. Tambayar da ke gabanmu ita ce: ya halatta ku miƙa ta a sa mata allura a ƙashi saboda ƙaninta, alhali ba ta kai shekarun da za ta yanke wa kanta irin wannan shawara ba?

Mu fara da sanin abin da ake yi, gama ba a auna abin da ba a sani ba. Ɓargon da ke cikin ƙashi shi ne yake yin jini. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya sukan yi kusan kwana 120 suna aiki. Na mai sikila sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Abin da ke jawo ciwon da ƙarancin jinin ke nan. Idan aka sauya ɓargon, an sauya tushen jinin. Da farko akan ba yaron magunguna masu ƙarfi da za su kashe ɓargonsa. Gashinsa ya zube, bakinsa ya yi miki, garkuwar jikinsa ta faɗi, shi ya sa ake keɓe shi a ɗaki na musamman. Sa'an nan a ɗura masa ɓargon yayarsa ta jijiya, kamar ƙarin jini. Sai a jira mako biyu zuwa huɗu kafin sabon ɓargon ya kama. Idan mai bayarwar ɗan'uwa ne ciki ɗaya da ya dace, kimanin yara 9 cikin 10 sukan rabu da cutar. Amma ba duka ba. Jikin wani yakan ƙi ɓargon, wani kuma sabon ɓargon ne yakan juyo ya yaƙi jikinsa, wani ya rasa haihuwa, wani ma ya rasa ransa.

Ita kuwa yarinyar, za a sa ta barci da magani, a zuƙo ɓargo da allura daga bayan ƙashin ƙugunta. Za ta yi 'yan kwanaki tana jin ciwo da kasala, jikinta kuma ya mayar da abin da aka ɗiba cikin 'yan makonni. Haɗarin kaɗan ne, amma ba a ce babu shi ba, domin kowane maganin barci yana da nasa haɗari.

Wannan aiki ba baƙon abu ba ne. A shekarar 1968 wani likita mai suna Robert Good a Minnesota ta Amurka ya yi wa wani jariri dashe da ɓargon yayarsa, ya kuwa rayu. A nan Najeriya, a 2011 aka yi dashen farko da ya yi nasara ga yaro mai sikila, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin Dokta Nosakhare Bazuaye. Ƙasarmu ce kuma ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta, inda ake ƙiyasta jarirai 150,000 a kowace shekara. Saboda haka kada ka ɗauka zancen wasu ne can nesa. Mai yiwuwa iyalin da nake kwatantawa suna zaune a bencin da ke bayanka ran Lahadi.

Kafin mu kai ga yarinyar, bari mu kawar da wani dutse daga hanya. Za a sami mai ce muku zuwa dashe rashin bangaskiya ne. Mun gaskata Yesu yana warkarwa yau kamar yadda ya yi a dā, kuma ba za mu daina roƙonsa ba. Amma ka tuna da sarki Hezekiya. Allah ne ya ji addu'arsa ya ƙara masa shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka kawo curin ɓaure aka ɗora a kan marurun. Alkawarin Allah da magani sun shiga ɗaki ɗaya, ba su yi faɗa ba. Wanda ya sa ɓargo a cikin ƙashi shi ne ya ba likita basirar ɗibarsa. Bangaskiyarku ba ta cikin haɗari a nan. Wadda za a iya cuta, ba tare da kowa ya lura ba, ita ce yarinyar.

Ga abin da ke sa zuciya ta yi nauyi. Jikinta ba zai ƙaru da kome ba a wannan aiki. Kuma ko an tambaye ta, wace irin amsa za ta bayar? Mun rene ta a kan biyayya. Ta ga Mama tana kuka a ɗakin girki. Idan Baba ya zaunar da ita ya ce, “'Yata, ke kaɗai ce za ki iya taimakon ƙaninki,” ina ta ga bakin cewa a'a? “To” ɗin da ta faɗa gaskiya ce daga zuciyarta, amma ba irin “to” ɗin babban mutum ba ce, wanda yake da ikon juya baya ya tafi. Idan muka ce ai ita ce ta yarda, mun ɓoye ne a bayan yarinya.

Ga kuma ɗaya gefen. Hausawa sun ce ɗan'uwa rabin jiki. Wannan yarinya ita ce ta goya shi, ita ce take farkawa idan ya yi kuka. Idan aka binne shi, za a binne wani yanki na ƙuruciyarta tare da shi. Idan kuma ta girma ta ji cewa jininta ya dace amma aka hana ta, ba lallai ne ta gode wa wanda ya hana ba. Gida ba taron baƙi ba ne da kowa ke lissafin ribarsa. Kullum muna sa 'ya'yanmu su ɗauki wahalar juna daidai ƙarfinsu, ta haka kuwa suke koyon ƙauna. Ciwon 'yan kwanaki domin ran ɗan'uwa bai wuce abin da ƙauna take iya roƙa ba.

Saboda haka amsata ita ce, i, ya halatta. Amma akwai hanyar da ta halatta, akwai kuma wadda ba ta halatta ba, kuma karatunmu na yau ya nuna mana su biyun.

Lokacin da Yakubu ya ƙi barin Biliyaminu ya tafi Masar, 'ya'yansa biyu sun ba shi lamuni. Ra'ubainu ya sa ran 'ya'yansa maza biyu a jingina, cewa idan bai komo da yaron ba a kashe su. Yakubu bai karɓa ba. Daga baya Yahuza ya sa kansa ne, ya ɗauki laifin a wuyansa idan wani abu ya faru. Da ranar ta zo kuwa, ya tsaya a gaban Yusufu ya roƙa a riƙe shi bawa a saki ƙaninsa. Dukansu biyu suna son a ceci gidan daga yunwa. Bambancin shi ne, ɗaya ya yi alkawari da abin da ba nasa ba, ɗayan ya yi da kansa.

Kai uba, ke uwa, ga ma'aunin. Abu ɗaya tak yarinyar za ta bayar wanda ku ba za ku iya bayarwa ba, shi ne ɓargo. Duk sauran kayan naku ne: nauyin shawara, tsoro, bashin kuɗi, da sakamakon aikin. Idan kuka bar mata ko ɗaya daga cikinsu, kun bi hanyar Ra'ubainu. Hanyar Yahuza tana neman abu uku a wurinku.

Na fari, ku faɗa mata gaskiya daidai fahimtarta. Kada ku ce ba za ta ji zafi ba, gama za ta ji, ranar kuwa za ta gane Mama ta ruɗe ta. Ku ba ta dama ta yi tambaya. Yaro yana iya ɗauka cewa idan ya ba da ɓargonsa nasa ya ƙare ke nan, ya ce “to” yana zaton mutuwa zai yi, bai gaya wa kowa ba. Ku tambaye ta abin da take tsammani zai faru. Idan tsoronta ya yi yawa har ta ƙi, kada ku yi mata barazana da sunan Allah. Ku saurara, ku ba ta lokaci. A shekarar 2010 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara cewa yaron da zai ba da ɓargo ya sami wani mai tsaya masa, wanda ba ya cikin masu jinyar marar lafiyar. Idan likitoci sun ga bukatar haka, balle mu? Ku nemi gwaggo, ko malamar makarantar Lahadi, wadda aikinta shi ne ta ji yarinyar kaɗai.

Na biyu, kada ku kira ta mai ceto. Kalmar tana da daɗi a baki, amma kaya ce da ta fi ƙarfin wuyan 'yar shekara 9. Idan kun ce mata ran ƙaninta yana hannunta, me za ku ce mata idan dashen bai kama ba? Za ta kwanta da dare tana cewa jininta ne marar kyau, ko kuwa Allah ya ƙi baikonta kamar na Kayinu. Tun kafin a shiga ɗakin aiki ku ce mata, “Ni da Mamanki ne muka yanke wannan shawara. Abin da za ki yi kyakkyawa ne ko yaya ta kasance. Ran ƙaninki yana hannun Allah.” Mai Ceto ɗaya muke da shi. Shi babba ne, ya san abin da ke jiransa, ya miƙa kansa da yardar ransa. Kada mu ɗora wa yarinya gicciyen da Yesu ne kaɗai ya isa ɗauka.

Na uku, ku gan ta bayan an gama. Wannan ne ya fi wuya. Da zarar an ɗibi ɓargon, ido duka zai koma kan ɗakin keɓewa, watanni ana auna zazzaɓi ana ƙirga ƙwayoyin jini. Ita kuwa a kai ta gidan kawu da ciwon ƙugu, masu zuwa gaisuwa su wuce ta suna tambayar jikin ƙaninta. A nan ne yaro yake koyon cewa darajarsa ita ce amfaninsa. Ɗayanku ya kasance kusa da gadonta sa'ad da ta farka. Ku tambaye ta makaranta. Ku bar ta ta yi fushi, ta yi kishi, ba tare da kun tuna mata cewa ita jaruma ce ba. 'Ya ce kafin ta zama mai bayarwa, 'ya ce kuma bayan haka.

Kai kuma da ba ka cikin wannan gida, kana da rabonka. Kuɗin dashe miliyoyin naira ne masu yawa, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Idan an kira baiko na musamman, ka bayar. Idan ana neman jini, ka miƙa hannu. Ka riƙe harshenka daga tambayar ko ba su yi gwajin jini kafin aure ba. Koyar da matasa cewa idan AS ya auri AS kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na SS aiki ne mai kyau, amma wurinsa ajin shirin aure ne, ba bakin gadon marar lafiya ba. Ka tuna kuma da yawancin gidaje, inda babu ɗan'uwan da ya dace, gama damar dacewar kowane ɗan'uwa ɗaya ce cikin huɗu, ko inda babu kuɗin. Ba su gaza a ƙauna ba. Da magani a kan kari, da rigakafi, da gidan sauro, da shan ruwa sosai, masu sikila da yawa suna girma su yi aure su yi wa Ubangiji hidima. Idan kuma aka ba da shaida a gaban ikkilisiya, mu ɗaukaka Allah, mu gode wa yarinyar, amma kada mu tilasta mata tsayawa a gaban bagade ana nuna ta idan ba ta so.

Abin tunani: Akwai wani nauyi naka da ka ɗora wa ƙarami, domin ka san ba zai iya ce maka a'a ba? Ka karɓo shi yau.

Addu'a: Ya Uba, kai ne ka siffata ƙasusuwanmu, ka san abin da ke cikinsu. Ka taɓa yaran da ke kwance cikin ciwo, ka warkar da su ta hanyar da ka ga dama. Ka kiyaye 'yan'uwansu da ke bayarwa, jiki da zuciya. Ka ba iyaye zuciyar Yahuza, su ɗauki abin da yake nasu. Ruhu Mai Tsarki, ka bi da hannun likitoci, ka ta'azantar da gidajen da suka yi iyakar ƙoƙarinsu amma suka koma da hawaye. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.